Wuƙar Hamidu da Akuyar Nowel

Yayana Hamidu mahauci ne, ɗan mahauci, kuma duk wanda ya ce maku ya taɓa barin gabas, ku turo mini shi rumfata a bakin kasuwa in gaya masa abin da ba a gaya masa a gida ba. Ni ce Tabawa mai cuku da dabino, ƙanwarsa ciki ɗaya. Tun da mijina ya rasu, matarsa ita ma ta rasu, muka koma gidan Babanmu mu biyu, ni ina dafawa, shi yana ci yana ƙorafin gishiri. Na faɗi wannan tun farko don ku san gefen da nake, kada daga baya wani ya ce na ɓoye.

Mu 'yan Amarewat ne, cikin tsohon garin Agadas, inda lungu yake a matse, kuma mace in ta hau soro shanya tana ganin abin da ke cikin tukunyar maƙwabciyarta. Gemu bai fito wa Hamidu ba Baba ya damƙa masa wuƙa. Zamanin da nasaru ke cika garin nan da motocinsu, shi ake ɗauka zuwa daji ya gasa musu rago sukutum. Su sha abin da suke sha, shi ya koma gefe ya hura gawayin shayinsa, lokacin salla ya yi ya shimfiɗa rawaninsa bisa rairayi. Ya yi fawa a Ingal lokacin taron makiyaya, ya yi a mayankar gari har wani raƙumi ya harbe shi a gwiwa, gwiwar da ba ta sake zama daidai ba. Duk wannan yawon, ba wanda ya taɓa cewa uffan a kansa.

Amma abin da ya fi rumfarsa ta kasuwa daraja a wurinsa shi ne wuƙar unguwa. Ragon suna, ragon sadaka, akuyar biki, duk shi ake kira. Ranar Layya kuwa, da zarar liman ya yanka nasa, Hamidu zai shiga gida-gida, ya yanka wa matan da ba su da namiji a gida da mazan da hannunsu ke rawa in sun ga jini, ya feɗe na kowa. Kafin la'asar ka ga ragunan lungu duka an banƙare su bisa sanduna, an jera su kewaye da wuta guda a bakin hanya, shi ke cewa a ƙara itace ko a rage. In aka ajiye nama gaban mutum ya ce, "Wa ya yanka?" aka ce, "Hamidu," to magana ta ƙare, sai bismilla. Mahauci ba shi da wata dukiya da ta wuce wannan. Ranar da aka fara shakkar hannunsa, ko naman me ya rataye, ƙuda ne kawai za su zo.

A ƙarshen lungunmu akwai Maman Abla, 'yar Togo, Kirista. Ta zo da mijinta Kosi mai hoto tun ina budurwa, ita kuma ungozoma ce a matarnite, asibitin haihuwa. Nowel ɗinsu na farko, wato Kirsimeti, Kosi ya yanka akuya da kansa, ta dafa, ta rarraba kwanoni gida-gida yadda ta ga muna yi da Salla. Kwanonin suka koma mata a rufe yadda suka fito. Ba ƙiyayya ba ce. Ba wanda ya ga yadda aka yanka, wasu malamai suka ce yankan ma'abota littafi ya halatta, wasu mutane kuma suka ce ai an ga Kosi ya fara maka wa akuyar itace a ka. Innarmu ta leƙa ta iske ta zaune cikin kwanoni tana share hawaye. Ta dawo gida ranta a ɓace, ta ce wa Hamidu:

"Baɗi kai za ka yanka musu. Mace ta yi girki da zuciya ɗaya a mayar mata? Ba a unguwar da nake ba."

Hamidu ba ya yin abu da ka. Ya je ya tambayi limamin wancan lokaci, mahaifin Liman Abdul'aziz na yanzu. Tsoho ya ce masa ya yanka da sunan Allah, don maƙwabta su ci, amma kada ya shiga ibadarsu. Haka kuwa aka yi, shekaru da shekaru. Safiyar Nowel zai ɗauki wuƙarsa, ya kwantar da akuyar ta fuskanci gabas, ya yi bismilla, ya yanka, ya feɗe, ya yanyanka, ya wanke hannu ya fito kafin baƙinta su fara waƙe-waƙensu. Ba ya zama, ba ya shan ko ruwa in an fara. Da rana kwanoni su zagaya, kowa ya ci, har gidan liman. Wata shekara Maman Abla ta zolaye shi, ta ce:

"Hamidu, yau ma ba za ka yi mini barka da salla ba?"

Ya ce, "Maman, taki taki ce, tawa tawa ce. Allah dai ya ba ki lafiyar cin naman."

Ta yi dariya har da tafi. Ita ma ta san nata. Da azumi ba ta suya da rana, don kada ƙamshi ya dami masu ƙishirwa. Da Layya cinyar ragonmu tata ce. Da Kosi ya mutu, Hamidu ya je ya yi mata gaisuwa, ya taimaka aka sa gawar a mota, ya tsaya a waje bai shiga misiyon, cocinsu, ba. Ba wanda ya ga laifin ko ɗaya cikin waɗannan.

Sai Nowel ɗin bara waccan. Hamidu ya fita da hantsi, bai dawo ba sai bayan la'asar, yana dafa bango yana jan ƙafa. Ya ce akuyar ce ta tsinke igiya, ya bi ta har bakin kori, busasshen rafin bayan gari, ya same ta cikin awakin wasu Buzaye, kafin ya jawo ta gida gwiwa ta kumbura. Na duba, wallahi ta yi kamar ƙaramar ƙwarya. Na yi masa faɗa, na shafa masa man zafi, na manta da zancen.

Abin da na fara lura da shi, mata sun rage tsayawa hira a rumfata. A sayi cuku, a ce "sai an jima," ido yana wani wuri. Daga nan aka yi suna a lungun bayanmu, ba a kira Hamidu ba. Na ce ƙila don ƙafarsa ce. Aka sake wani, nan ma shiru. Naman da yake sayarwa kafin azahar ya fara kaiwa la'asar, yana kora ƙuda da gefen rawani. Ni kuwa ban iya zama da abu a ciki ba. Na kama hannun wata tsohuwa da ta saba sayen dabinon Ingal a wurina, na ce ba za ki tafi ba sai kin gaya mini abin da ake faɗi. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ce:

"Wai ranar Nowel an ga yayanki ya yi sujada gaban gumakan matar nan. Wai kuma ya fito yana tangaɗi."

Jama'a! Kunnena ya yi ɗum. Tangaɗi! Mutumin da gwiwa ta hana shi tafiya, shi aka mayar mashayi. Na ce wa ya gani? Ta ce Asiya, matar da soronta ke kallon tsakar gidan Maman Abla.

Na bar rumfa a buɗe na tafi. Na iske Asiya tana tankaɗe, na ce ta maimaita a gabana in ta isa. Na zaci za ta yi rantse-rantse ta musa. Ina! Ta ajiye rariya, ta dube ni ido cikin ido, ta ce:

"Tabawa, ba ni da komai da yayanki. Shi ya yanka ragon sunan ɗiyana duka. Amma na hau soro kwashe shanya, na gan shi da idona, goshi a ƙasa, ƙarƙashin tauraron nan da take ratayewa. Kuma kin san abin da take girkewa a kusurwar nan duk shekara. Mijina kaɗai na gaya wa. Tangaɗi kuwa ba daga bakina ya fito ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba fuskar mai ƙarya gare ta ba. Na fito ina ta tunanin to wa ya ƙara tangaɗin? Raina ya tsaya kan Marwan. Wani matashin mahauci ne da ya zo daga kudu, yana da firigo na sanyaya nama, yana da moto, babur ke nan, yana amsa tarho da hannu guda yana yanka da ɗayan. Ban kama shi ba, gaskiya, ban taɓa jin ya zagi yayana ba. Amma duk wanda ya ɗauko zancen a rumfarsa sai Marwan ya girgiza kai ya ce, "Ni dai ban gani ba, Allah shi ya sani," yana faɗa yana auna musu nama. Har gaisuwa ya zo yi wa Hamidu, wai "Baba, Allah ya kyauta." Me za a kyauta, in ba ka yarda da abin ba? Ragunan sunan da suka bar ƙofarmu duk ƙofarsa suka nufa.

Na dawo gida na iske Hamidu yana wanke wuƙaƙe. Na ce:

"Yaya, me ka yi gidan Maman Abla ranar nan?"

"Yanka."

"Ban da yanka."

"Salla. Azahar ta kusa fita."

"Ina ka fuskanta?"

Ya ɗago kai ya kalle ni kamar na tambaye shi sunan Babanmu. Ya ce, "Ina ake fuskanta?"

Kun ji mutumin! Gari ya ɗauka, shi yana ba ni amsa guntu-guntu kamar yana raba hanta. Na ja mayafina na nufi ƙarshen lungu.

Maman Abla ta tsufa, ta yi ƙiba, ɗiyanta duk sun koma Lome, amma bakinta na Hausa ya fi na wasu 'yan gari. Ba ta ji komai ba, don wa zai gaya mata? Da na faɗa mata sai ta dafa ƙirji ta zauna bisa turmi. Ta ja ni ta nuna mini. Tsakar gidan ɗan ƙanƙane ne. Nan aka yanka, jini ya ɓata. Nan aka wanke kayan ciki, ƙasa ta jiƙe. Wurin da ya rage busasshe mai tsabta shi ne gaban bangon gabas, kuma a nan take girke abin da take ce wa kiresh, 'yar bukkar ciyawa da 'yan mutum-mutumi na laka, jariri da uwarsa da jaki da tumaki.

Ta ce, "Ya dubi inuwa ya ce lokaci zai fita, ƙafa kuma ba za ta kai shi masallaci ba. Ya dubi kusurwar ya kau da kai. Na gane. Na shiga ɗaki na ɗauko bargon Kosi na rufe kiresh ɗin ruf, na zare kuran, wutar fitilun ta ɗauke. Ranar sallata, Tabawa, da hannuna na rufe. Ya tuɓe rigar aiki, ya yi alwala, ya kafa sandarsa gabansa, ya yi sallarsa, ni kuma na shiga ɗaki na ja ƙofa. Tauraron ne ban kai ba, yana can sama jikin ƙusa."

Na ɗaga kai na dubi soron Asiya. Daga can ba a ganin bargo, ba a ganin sanda, katanga ta tare. Tauraron takarda ake gani, da bayan mutum.

Na fito da murnata, na ce yau kowa zai ji kunya. Na bi gida-gida ina faɗa. Aka saurare ni, aka ce "to, madalla," aka ce "Allah ya rufa asiri." Ina juya baya ina jin abin da idanu ke cewa. Ƙanwarsa ce, me za ta ce? Shaidarta kuma Kirista. Wani dattijo ma ya ce mini to in gaskiya ne, me ya sa aka rufe da bargo, in ba an san akwai abin ɓoyewa ba? Asiya kuwa cewa ta yi, "Ni dai ban ga bargo ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ba ta amfane mu da komai ba.

Cikin azumi Liman Abdul'aziz ya aiko kiran Hamidu. Na ce ƙafata ƙafarsa. Bayan la'asar muka je, Hamidu ya shiga zaure, ni na tsaya daga bakin ƙofa inda nake ji. Liman mutum ne mai sanyin murya, mai son a rabu lafiya. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce:

"Malam Hamidu, sallarka ta yi. Da ka samu wani wurin da ya fi, amma ban ga abin da ya taɓa imaninka ba. Sai dai mutane suna buƙatar abin da zai kwantar musu da hankali. Ranar Juma'a bayan an sallame, ka miƙe ka yi kalmar shahada a gaban jama'a, ka ce ka bar zuwa gidan nan ranar bikinsu. Ni zan tsaya maka."

Ni daga waje har na ce alhamdu lillahi, ga hanya ta samu. Sai na ji yayana ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta malam, yankan da nake yi mata haram ne?"

"Ban ce ba."

"To kalmar da nake faɗa tun ina goye, yau in miƙe in faɗe ta kamar sabon shiga? In na yi haka na yarda ke nan na fita. In kuma na ce na bar zuwa, na yarda duk shekarun nan ƙazanta na ciyar da unguwa, har da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, wanda shi ya ce in je."

Liman ya ci gaba da jan tasbaha, muka yi sallama muka fito. A hanya na yi ta yi masa masifa. Na ce Yaya, taurin kan nan ina zai kai ka? Kalma ce da kake faɗa kullum, ka faɗe ta sau ɗaya da ƙarfi, me zai ragu a jikinka? Ya ce mini in bi a hankali, akwai rami gabana. Juma'ar da ta biyo liman ya yi wa'azi mai kyau a kan munana zato, bai kama suna ba. An ce kowa ya yi ta gyaɗa kai yana satar kallon na kusa da shi.

Ba wanda ya kori Hamidu daga masallaci, kada in yi musu ƙarya. Ana gaishe shi, ana tambayarsa ƙafa. Naman ne dai ba a saye. Ya koma ɗaukar rabin akuya, daga baya ya koma taya wani abokinsa yanyanka kilishi a can wata unguwa inda ba a san zancen ba. Amma duk wannan bai sa ya cire rai ba, don yana cewa Layya na zuwa, ranar nan ba wanda ke iya wa lungun nan sai shi.

Ranar Layya ya dawo daga idi, ya sa rigar aikinsa, ya wasa wuƙa har tana aske gashin hannu, ya zauna bakin ƙofa. Aka ce liman ya yanka. Ya gyara zama. Moton Marwan ta shiga lungu, ta fita, ta sake shiga. Gidan liman, inda Hamidu ke fiɗa tun zamanin tsoho, bana ɗiyansa suka yi da kansu, wai suna son su koya. Koyo! A shekarar nan ce kawai sha'awar koyo ta taso musu. Rana ta take, ba wanda ya yi sallama. Sai ya tashi ya yanka namu, ya feɗe, ya banƙare shi. Ya ɗauko zai kai wutar lungu, ya tsaya ya dubi mazan da ke kewaye da ita, su ma suka dube shi, ba wanda ya matsa da sandarsa. Ya juyo ya hura 'yar wuta a ƙofar gidanmu, ya kafa ragon shi kaɗai. Na shiga ɗaki na yi kuka, kukan takaici, har da cizon mayafi. Washegari ya yanke cinya, ya sa a tire, ya bi tsakiyar lungu da rana tsaka ya kai wa Maman Abla.

Da sanyi ya shigo, lemun Timiya ya fara zuwa kasuwa, sai ga Maman Abla a rumfata. Ta sunkuyo kamar mai zaɓen cuku, ta ce:

"Ki gaya masa bana ba zan yanka ba. Makaroni da sardin sun ishe ni, ni kaɗai ce. Tauraron ma na ƙone shi. Kada ya zo, don Allah."

Na kai masa saƙon, na ƙara da nawa. Na ce mai abu ta ce a bari, sai ka bari, ko Allah ya sa a manta. Ya ce, "Akuyar da take kiwo tun damina da ɓawon dankali, ina ta kai ta?" Na ce oho.

Safiyar Nowel da hantsi na ji ƙarar dutsen washi. Na fito na ce Yaya! Ya naɗe wuƙar cikin tsumma ya wuce ni. Na bi shi, don in za a yi abin kunya gara a yi ina wurin. Ya yi sallama, ya shiga, ya kwance akuyar, ya jawo ta waje, bakin hanya, inda kowa ke wucewa. Maman Abla ta biyo shi ba ko takalmi, tana cewa:

"Hamidu, za su gama da kai."

Ya ce, "Sun gama, Maman. Kawo ruwa."

Ya ba akuyar ta sha, ya kwantar da ita ta fuskanci gabas, ya taka ƙafafun da gwiwarsa mai ciwo. Ya ce "Bismillahi, Allahu akbar" da muryar da ban taɓa jin ya yi yanka da ita ba, har tantabarun soron Asiya suka tashi. Na ɗaga kai, na ga gefen ɗankwali ya koma bayan katanga. Ya feɗe, ya yanyanka, ya wanke hannu. Maman Abla ta tsaya tana kallonsa, ido ya cika. Shi ya ce, "Allah ya ba ki lafiyar cin naman," ya ɗauki wuƙarsa ya tafi ya yi shirin masallaci.

Ta dafa, dafuwa irin tata mai tumatir da yaji. Ta ce ba za ta aika ba, ba ta son ta sake ganin abin da ta gani tana amarya. Na ce zuba, ni zan kai. Na ɗora tire a ka na bi lungu, gida-gida, ina sallama da ƙarfi, ina cewa, "Ga na Maman Abla, Hamidu ya yanka, a bakin hanya, gaban kowa." Aka karɓa, aka ce an gode. Ba wanda ya ƙi karɓa a idona, mutanenmu ba su iya wannan ba.

Bayan la'asar kwanoni suka fara dawowa, kuma ba gidanta aka kai su ba, ƙofarmu aka riƙa ajiyewa. Na ɗaga murfi, nama yana nan, mai ya daskare a kai. Na ɗaga wani, haka. Na Asiya ko murfin ba a taɓa ba, tsumman da na ɗaure shi da shi yana nan da ƙullina. Na jera su tsakar gida ina zagi ƙasa-ƙasa. Hamidu ya zauna bisa tabarma, ya jawo ɗaya, ya yi bismilla, ya fara ci a hankali. Ya ce gishiri ya yi daidai, in je in koyo.

Na ƙarshe shi ne na gidan liman. Na ɗauka na ji ba nauyi. Na buɗe, an wanke shi tas, an zuba dabino a ciki, yadda ake mayar da kwanon maƙwabci. Hamidu ya tsaya da tauna, ya daɗe yana kallon dabinon. Ni kuwa na juya kwanon, na shinshina, na ce:

"Wa ya sani ko ya ci? Ƙila ya ce a zuba wa kyanwa, a wanke, a aiko mana don kada a ce. Mutumin da ya bar ɗiyansa suka yi fiɗa? Ni sai na gani da idona."

Ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. Ya ce, "Tabawa, sauko daga soron nan."

Na tuna Asiya, na ajiye kwanon. Ya ɗauki dabino ɗaya ya ci, ya ce in kai wa Maman sauran, tukuicinta ne.

Yanzu da nake ba ku labarin nan, wuƙar unguwa tana hannun Marwan, ya ƙara firigo. Hamidu yana nan sahun gaba, yana jan ƙafarsa zuwa masallaci tun kafin a kira. Ban da ragonmu, dabba ɗaya ce ta rage da ake jiransa ya yanka a shekara. Tana can ƙarshen lungu daure da igiya sabuwa mai kauri, Maman Abla tana tara mata ɓawon dankali.